Odar Sukari Kafin Azumi

Ranar da Sadiya ta fara ganin Jamilu, a tsaye yake a ƙofar siton mahaifinta a Tudun Wada, ya rungume jakar kwamfuta, masu dako na ta ce masa ya matsa su wuce.

"Malam, in oda ka kawo ka jira," ta ce. Waya biyu ne a gabanta, kowacce na ƙara.

"Wayoyin nan na zo in raba ki da su," ya ce.

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi da kyau. Bai kawar da ido ba, ita ce ta kawar.

Mahaifinta, Alhaji Dalhatu, babban ɗan sari ne na sukari da fulawa da taliya. Shaguna kusan tamanin ke ɗaukar kaya a wurinsa, daga Unguwar Mu'azu har Romi. Tun da Sadiya ta gama karatu ita ke karɓar oda. Wani ya kira, wani ya turo hoton takarda, wani ya aiko mai Keke da saƙon baki, rabi ya zube a hanya. Jamilu kuwa ƙaramin kamfani gare shi da ke ɗauke wa 'yan sari wannan aikin. Mai shago ya shigar da odarsa a manhajar waya, kamfanin ya karɓa, ya tsara, ya miƙa wa sito, ya mayar wa mai shago da amsa.

"Wato in kwashi sunayen mutanena in damƙa wa baƙo?" in ji Alhaji.

Sati biyu Sadiya ta yi tana lallashi kafin ya ce, "To. Amma ki tuna ke kika kawo shi."

Ranar da suke tsara aikin, Jamilu ya tambaye ta, "Idan kaya suka yi ƙaranci fa, wa za a fara ba?"

Sadiya ta san amsar. Duk lokacin da kaya suka yi wuya, Alhaji yakan fara ware na wasu ƙananan shaguna tara, waɗanda suka yi ciniki da shi tun yana da tebur ɗaya a kasuwa. Ba a rubuce yake ko'ina ba, a kansa yake. Ita kuma ta gaji da masifar manyan kwastomomi a kan wannan al'adar.

"Wanda ya riga aikowa," ta ce.

Ya shigar, suka wuce gaba.

Aiki ya kankama, wayoyi suka yi shiru, sai tata ta kanta. Wata uku da farawa saƙon Jamilu ya shigo:

"Manajata, oda talatin da ɗaya suka shiga yau, babu wadda ta ɓata. Ni kuwa tun safe na kasa aikin komai, muryarki kawai nake ji. Ina sonki, kuma da aure."

Ta karanta sau uku kafin ta rubuta:

"Injiniya, irin wannan maganar ba ta waya ake shigar da ita ba. Ka san ƙofar gidanmu."

Ya turo kawunsa. Alhaji ya ce zai yi shawara. Dama akwai Nuhu, ɗan amininsa, mai babban kanti a Unguwar Mu'azu, wanda ya shekara yana zarya Sadiya na kauce masa.

Saura kwana goma azumi sukari ya yi wuya a gari. Buhu arba'in kacal suka samu. Ƙarfe bakwai na safe, ana buɗe karɓar oda, kantin Nuhu ya nemi arba'in ɗin gaba ɗaya. Manhajar Jamilu ta ba shi, ta aika wa sauran shaguna cewa kaya sun ƙare.

Kafin azahar sai ga Madam Celina daga Romi, dattijuwa mai ɗan shago a bakin titi, ɗaya daga cikin shaguna taran nan, ta sauko daga Keke tana dafa gwiwa.

"Alhaji, yanzu waya ce za ta ce mini babu nawa?" Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara ashirin da biyu. Ko lokacin rikici da ba a tsallaka unguwa, ka aiko mini da buhu biyuna. Na yi laifi ne?"

Alhaji ya kasa haɗa ido da ita.

Da la'asar Nuhu ya dawo da buhu goma a motarsa, ya durƙusa har ƙasa. "Baba, wallahi ban san haka yaron nan ya tsara abin ba. Irinsu manyan kantuna suke yi wa aiki, ƙananan ko oho. Gara ka san wanda kake shirin haɗa jini da shi."

Aka kira Jamilu. Sadiya na zaune a teburinta.

"Wa ya ce ka raba mini kaya haka?"

Jamilu ya dube ta sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. "Ni na shigar da shi, Alhaji."

"To ka cire hannunka daga sitona. Kawunka kuma kada ya wahalar da kansa ya dawo."

Sadiya ta buɗe baki, ta rufe. Ta bar shi ya fita.

Washegari saƙonsa ya zo: "Na mayar wa Alhaji duk bayanansa, ban riƙe komai ba. Kada ki ce masa komai. Kamfani ana samun wani, yardar uba kuwa in ta tafi da wuya ta dawo. Ki kula da kanki."

Ta rubuta: "Wato har ka haƙura da ni kenan?"

"Ban haƙura ba, Manajata. Ba na so in same ki ta hanyar kunyata ki ne."

Ta kife wayar. Kwana biyar ta yi tana amsa kiran kwastomomi kamar da, ba ta ci ba ta sha sai dole. Ranar Laraba mahaifiyarta ta sanar da ita cewa iyayen Nuhu za su zo Juma'a.

Alhamis da safe ta sami Alhaji shi kaɗai a sito, ta durƙusa.

"Baba, Jamilu ya tambaye ni wa za a fara ba in kaya sun yi ƙaranci. Ni na ce wanda ya riga aikowa. Bai san da zancen su Madam Celina ba. Ni na sani, na ɓoye."



"Kina zaune na wanke shi tas," in ji Alhaji.

"Ina zaune, Baba."

"Shi kuma bai ce ke ce ba." Ya cire hula ya mayar. "Tashi ki tafi Romi yanzu, da ƙafarki, ki ba matar nan haƙuri. Ki biya ta wurin sauran takwas ɗin ma. Kafin ki fita kira mini shi."

Da ta dawo da yamma, ƙafafunta sun yi futu-futu, ta tarar da su zaune a kan benci ɗaya. Alhaji na faɗin sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane da labarinsa, Jamilu na shigarwa. Daga ranar za a fara ware na shaguna taran kafin a buɗe wa kowa.

"In na mutu fa?" Alhaji ya tambaya.

"Tsarin yana nan, Alhaji, sai in wanda ya gaji siton ya cire da hannunsa."

Alhaji ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Ba zan cire ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki waya ya kira amininsa, mahaifin Nuhu, ya ba shi haƙuri a kan zuwan Juma'a. Bai yi dogon bayani ba. Sannan ya ce wa Jamilu, "Ka gaya wa kawunka bayan Sallah ina gida."

Sati shida bayan Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Da za a kai amarya, Alhaji ya sa aka kira su biyun falonsa. Sadiya na kuka a cikin mayafi.

"Jamilu, ka rufa mata asiri tun ba ta zama taka ba, na gani, na kuma gode. Amma daga yau in ta yi ba daidai ba, kada ka ɗauke mata. Ka gaya mata, ku biyu a ɗaki. Ke kuma abin da kika sani kada ki sake ɓoye masa."

"To, Baba," suka ce tare.

Ya ɗora hannunta a kan nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tashi ku tafi, mota na jira."