Ƙwai Tara na Gidan Mero

Ranar Laraba da hantsi wata tsohuwa ta shigo caji ofis riƙe da ƙwarya an rufe da faifai. Ta dire ta a kan teburin karɓar ƙara, ta ce an yi mata sata.

"Me aka sata, Hajiya?" in ji kofur ɗin da ke aiki.

"Ƙwai tara."

Kofur ya ɗaga faifan, ya ƙirga. "To ai ga su nan, tara cif."

"Waɗannan na ɓarawon ne."

Dariya ta kusa ƙwace wa kofur. Insfekta Muttaka, wanda ke tsaye jikin taga yana kallon tattabaru a kan rufin masallaci, bai yi dariya ba. Abokan aikinsa na yi masa tsiya cewa a tsaye yake barci, domin kana yi masa magana idonsa na can wani wuri. Amma in ka yi masa ƙarya, sai bayan kwana uku ya maimaita maka ita ba ragi.

"Shigo ofishina, Hajiya," ya ce.

Sunanta Hajiya Turai, daga Dukawuya. A gidansu akwai wasu kaji da kakar kakarta, Mero, ta shigo da su birni cikin kwando. Durgu ne, wato masu gajerun ƙafafu, launinsu kamar tokar da wuta ba ta gama mutuwa a cikinta ba. Daga uwa sai 'ya ake gadonsu, ba a ba namiji, ba a sayarwa. Ciwon kaji ya shiga gidan bara, ya bar zakara ɗaya da tsohuwar kaza ɗaya. Makonni uku da suka wuce zakaran ma ya mutu.

"Ƙwai taran nan su ne ƙarshensa," ta ce. "Yau kwana ashirin kazar na kwanci. Gobe ya kamata su ƙyanƙyashe. In ɓarawo ya bari suka yi sanyi, shi ke nan, jinin Mero ya ƙare a hannuna."

"Yaya kika gane an musanya?"

"Yaro, ƙwai in ya kwana goma sha tara magana yake yi. Ka kara a kunne, ka ji ɗan tsako na kuka daga ciki. Jiya na kara, yau na kara. Shiru kamar dutse."

Sannan ta ce, "Da ka taɓa jin carar zakaranmu, da ka san abin da nake kuka a kai. Doguwa ce, sai ta hau, ta hau, sannan ta sauko a hankali kamar mai ajiyar zuciya."

Muttaka ya ajiye biro. A Ƙofar Na'isa ya tashi. Yana ƙarami, in mahaifiyarsa ta tashe shi sallar asuba, akwai wata cara da ke tahowa daga nesa, ta bi ta kan soraye, ta iske shi tsugune gaban buta. Shekara arba'in yana zaton a mafarki ya ji ta. Ashe tana da gida.

"Mu je," ya ce.

Gidan tsohon gini ne na ƙasa, mai zaure biyu. A kusurwar tsakar gida, jikin katanga, akwai akurki, tsohuwar kazar kuwa tana can bakin rariya tana shan rana, ko ta kan gurbin ba ta bi.

"Kullum haka take barin gurbi?"

"Takan ɗan miƙe ƙafa," in ji Hajiya, a gajarce.

Ya ɗauki ƙwai ɗaya daga ƙwaryar. Akwai baƙin zane a jikinsa, layi biyu sun gitta juna.

"Shaidarki ce wannan?"

"Irinta ce. Da gawayi nake yi, yadda Inna ta koya min."

Muttaka ya jiƙa babban yatsa, ya murza zanen. Bai goge ba. Ya sake murzawa, ko gezau. Ya kai ƙwan hanci, ya daɗe yana shinshinawa, har Hajiya ta fara tunanin ko kofur ɗin nan mai dariya ya fi shi hankali.

"Yaushe kika bar gidan nan ba kowa?"

"Ran Lahadi, na je suna Ƙofar Nassarawa. Daga azahar har bayan la'asar."

"Wa ke shigo miki?"

"Sai mijin nan nawa na banza, Umair, jikana. Shi kuwa idonsa na kan kajin nan tun ba yau ba."

Umair magidanci ne mai shekara talatin, yana sayar da manyan kajin ƙasashen waje a wani shago bayan ganuwa, yawancin cinikinsa ta waya.

"Ina kake ran Lahadi da azahar?"

"Ina nan shago, Yallaɓai."

"Ba ni wayarka."

Muttaka ya yi ta jan hotuna da yatsa a hankali, kamar mai kallon hotunan biki. Ya tsaya a kan ɗaya, ya juyo da shi. Tsohuwar kazar ce kwance a akurki, ga kwanan watan ran Lahadi a sama.

Umair ya share gumi. "To, na je. Wani kwastoma ne daga Abuja ya nace sai ya ga hoto. Wallahi hoto kawai na ɗauka."

"Kana da injin ƙyanƙyasa?"

"Ga shi can. Sati guda ke nan a kashe, tiransifomarmu ta ƙone. Yallaɓai, in na ɗauko ƙwai in sa a ina? Kazar ma wa zai iya sa mata hannu? Sai ta caccake mutum."

Muttaka ya taɓa injin, sanyi ƙalau. Ya kama hannayen Umair, ya juya su. Sumul.

"Da za ka fita, wa ka gani?"

"Ba kowa. Sai Baba Ɗantani a ƙofar gidansa, yana ɗinki. Ƙanin Hajiya ne, katanga ɗaya ta raba su. Amma shi ai ba sa magana, an fi shekara uku."

La'asar ta yi sanyi lokacin da Muttaka ya isa zauren Malam Ɗantani. Dattijon baduku ne, siriri, zaune a kan buzu, fatu ja da rawaya sun kewaye shi. Hasken rana na saukowa ta wata 'yar kafa, ƙura na iyo a ciki ba ta sauri. A gefensa akwai ɗan kasko mai baƙin rini, da tsinke a ciki.

Suka gaisa a tsanake. Muttaka ya zauna.

"Baba, kana shiga gidan Hajiya Turai?"

"Shekara uku ban taka ba."

"Kana kiwon kaji?"

"Ni? Ai a gidanmu ba a ba maza kaji." Ya yi murmushin da bai kai ido ba.

Muttaka ya ɗauki tsinken daga kaskon, ya ja layi biyu a kan farcensa, ya hura har ya bushe. Ya jiƙa yatsa ya murza. Bai goge ba. Ya shinshina, warin tsatsa ne da tsami, irin na jikin ƙwan.

"Me ya same ka a bayan hannu, Baba?"

Dattijon ya ja hannun riga. "Basilla ce."

"Basilla sau bakwai? Shekara nawa kana ɗinki?"

Daga can cikin gida wata kaza ta yi gunaguni ƙasa-ƙasa, irin wanda mai kwanci kan yi in ta ji motsi.

Muttaka bai tashi ba. Ya aika a kira Hajiya Turai.

Ta iso tana haki, ta tsaya a bakin zauren, ta ƙi shigowa. "Kai ne, Ɗantani?"

"Ni ne, Yaya."

"Ɓarawo a gidan Mero!"

"Ki ce duk abin da kike so." Ya ajiye ɗinkin hannunsa. "Kazarki ta tsufa. Ta kan katanga nake ganinta, tana barin gurbi tun hantsi har azahar. Kwancin da ya wuce, goma ta kwanta a kai, goma suka zama baragurbi. Na aiko miki ki nemi wata mai kwanci, kika ce namiji bai isa ya koya miki kaji ba. Da zakaran ya mutu, kwana uku ban ci abinci ba."

"Sai ka yi sata?" in ji Muttaka.

"Sai na zaga unguwa biyar har na samu budurwar kaza mai zafin kwanci. Ran Lahadi, da Umair ya fita, na shiga. A cikin hulata na ɗauko su, na rungume a ƙirji. Na bar mata wasu don kada ta tarar da gurbi wayam. Gawayi ne ban samu kusa ba, na ɗauki abin da hannuna ya saba." Ya dubi yayarsa. "Ina ɗan shekara shida na roƙi Inna ɗan tsako ɗaya. Ta ce na Turai ne. Ban sake roƙo ba. Ni ba kaza nake so ba, Yaya. Carar nake so in sake ji kafin in mutu. In na ji ta, sai in ga kamar Inna na tsakar gida tana hura wuta."

Hajiya ta juyar da kai ga bango.

"Suna ina?" in ji Muttaka.

Suna cikin ɗakin ajiyar fatu, a wani tsohon kwando da aka shimfiɗe da gashin tumaki. Wata baƙar kaza ta baje a kai, ta kumbura, idonta jawur. Hajiya ta kai hannu, kazar ta kai mata sara. Malam Ɗantani ya tsuguna, ya yi mata wata 'yar magana, ya zura hannu ƙarƙashinta, ya fito da ƙwai ɗaya mai shaidar gawayi da ta kusa gogewa. Ya miƙa wa yayarsa.

Ta kara a kunne. Ta lumshe ido. Ta daɗe a haka.

"Yana magana," ta ce.

A ƙa'ida kayan shaida ofis ake kai su. Muttaka ya dubi kwandon, ya dubi kazar, ya rubuta a littafinsa cewa an bar su inda aka same su, domin ɗaga su kisa ne. Sannan ya ce, "Baba, ka shiga gidan da ba naka ba, ka ɗauki abin da ba naka ba, an kuma shigar da ƙara. Sai ka biyo ni ofis."

"Na sani." Dattijon ya lalubi takalmansa. "Yaya, kada ki motsa kwandon. Ruwanta na bayan ƙofa."

Sun kai bakin zaure ke nan Hajiya ta ce, "Insfekta, dakata."

Ta taho a hankali, ƙwan na cikin tafukanta biyu. Ba ta dubi fuskar ƙaninta ba. Ta ɗaga hannu, ta kara masa a kunne.

Malam Ɗantani ya sandare. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa.

"Ya isa, kada ya huce," ta ce, ta janye. "Ka faɗa musu gaskiya, ka dawo da wuri. Wannan ja'irar kazar hannunka kaɗai ta sani."

Muttaka ya riƙe gwiwar hannun dattijon, suka fita cikin lungu. Har suka kai mota, Malam Ɗantani bai sauke tafinsa daga kan kunnen ba.