Gaurakar da Sarkin Laka Ya Kawo Gida

Shekara goma sha biyu yana gadin fadamar da ke cikin gandun daji, inda hukuma ta hana farauta da kamun kifi. Kullum sai ya dawo gida da taɓo har gwiwa, shi ya sa maƙwabta suke ce masa Sarkin Laka. Wata ranar Talata ya dawo rungume da gauraka, tarkon waya ya karya mata fiffike. Ya ɗaure fiffiken da tsinke da ƙyalle, ya ajiye ta a tsohon akurkin kaji.

Magariba ta kawo jiki, matarsa tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Aka ɗauka yara ne. Na biyu ya faɗo tsakar gida, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama wata biyu. Kwaɗin bayan gida suka yi tsit gaba ɗaya.

Kwana uku ana haka duk faɗuwar rana. A na huɗu, Auta, 'yarsu mai shekara sha bakwai, tana tsaka da wanke-wanke ta miƙe ta tsaya a ƙafa ɗaya. Ba ta motsa ba har aka yi kiran salla. Ruwa mai warin laka yana ɗiga daga gashinta.

"Maigida, ka mayar da tsuntsuwar nan," in ji matar.

"In na mayar da ita haka, kafin safe wani abu ya cinye ta."

Ya je ya ɗauko wani tsohon malami da ya san sha'anin mutanen ɓoye. Malam ya zauna a tabarma, ya daɗe yana karatu a hankali. Can Auta ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kauri, kamar daga ƙasan rijiya.

"Tsuntsuwata nake so."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Ina cikin ruwan nan tun kafin a kafa allo a ce gandu ne. Ɓarawon nan ya shiga gidana ya ɗauki abin kiwona. Ya ba ni tawa, in ba shi tasa."

Malam ya ɗaga hannu alamar kowa ya yi shiru, amma Sarkin Laka ya riga ya miƙe. Bai koma ya zauna ba.

"Ni ne ɓarawo? Ina kike ranar da aka zuba guba a tafkin gabas, kifi ya taso fari fat? Ni na kwashe su da hannuna. Matsattsaku sun sha jinina, mafarauta sun fasa mini kai. Wanda ya ɗana tarkon yana can yana cin abincinsa lafiya, sai rufina kika gani da 'yata. Ba zan mayar da ita da karyayyen fiffike ba."

Gaurakar ta yi kuka sau ɗaya a akurki.

"Ƙarfe ne," muryar ta ce, ta ɗan yi laushi. "Ba na iya taɓa wayarsu."

"To ga hanya," in ji Malam. "Ki faɗa masa inda tarkunan suke, shi yana iya taɓawa. Ya yi jinyarta kwana bakwai. Ke kuma ki saki yarinyar nan yanzu, ba gobe ba."

Muryar ta nemi a rage jinyar zuwa kwana uku. Sarkin Laka ya ce ƙashi ba ya haɗuwa a kwana uku. Daga ƙarshe ta yarda, ta lissafa wuraren tarkunan ɗaya bayan ɗaya, Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta tana tambayar wa ya jiƙa mata kai.

Washegari ya tono tarko ashirin da uku, duk a inda aka faɗa.

Ran kwana bakwai ya kwance ƙyallen, ya taɓa fiffiken, ya ga da saura. Matarsa ta roƙe shi da girman Allah kada ya ja musu wata fitina. Da la'asar ya tafi bakin fadama hannu wofi, ya tsaya a gaban ciyayin ruwa ya ɗaga murya.

"Ba ta warke ba. Sai jibi."

Ya jira kaɗan, ko akwai mai magana. Babu. Ya juya ya kama hanyar gida.