Zaren Ƙafar Mamaci

Shekara arba'in ina wankan gawa a ƙauyenmu, ni Veta, kuma ban taɓa bari an rufe akwatin mamaci ban kwance masa ƙafa ba. Muna ɗaure ƙafafun da farin zare don su miƙe, a bakin kabari sai mu kwance mu saka zaren cikin akwatin, don ya samu ya yi tafiyarsa. Kowace tsohuwa a Romaniya ta san ba a ɗauke ido daga zaren nan, saboda masu tsafi nemansa suke yi ruwa a jallo.

Sai ga annoba. Gwamnati ta kafa dokar kulle, sojoji suka tare hanyar shiga gari. Aka ce mutum takwas kaɗai za su raka gawa, mu kuma da muka haura sittin da biyar ba mu da fita sai daga sha ɗaya zuwa ɗayan rana. Wanda ya rubuta wannan doka bai taɓa binne uwarsa ba! Nakan yi wanka in ɗaure ƙafa a cikin awa biyun nan, amma ba na isa maƙabarta.

Maƙwabcina Dorinel shi ya karɓi aikin kai gawa. Da can ma'aikata yake ɗauka zuwa Italiya a motarsa, aka rufe iyaka motar ta zauna. Ba yunwa yake ji ba, kada wani ya tausaya masa tun yanzu. Gidajen benen da masu zuwa aiki Italiya suka gina ne suka tsone masa ido.

"Gwaggo Veta, ki kwantar da hankalinki," in ji shi ta katanga. "Ni zan riƙa kwancewa."

Na sa masa albarka. Ashe ya riga ya je wajen Safta, matsafiyar ƙauyenmu. Shi ya ba ni labarin da bakinsa daga baya, lokacin da ba shi da sauran abin ɓoyewa.

Da tsakar rana ya je, takardar izinin fitarsa ta ce wai zai kai wa tsohuwa magani. Ɗakin tsafinta yana bayan garken awaki, babu taga. Hotunan waliyyai duk an juya fuskarsu bango. Ga ƙoƙon kan doki a kan teburi, ga kwanon ruwa da baƙin kakin kyandir yana yawo a kai, ga baƙar kaza a ɗaure ba ta ko motsi. Safta ta narka dalma ta zuba a ruwan, ta daɗe tana kallo.

"Cire tsumman nan daga bakinka, ba na ciniki da rabin fuska. Me kake so?"

"Kuɗi. Ina so kafin a buɗe gari in fi kowa."

"Ka taki sa'a, tsofaffi suna kulle. Zaren ƙafa uku za ka ɗauka, mako-mako. Ka ɗaure a ƙafar teburin da kuke cin abinci. Muddin suna nan, kuɗi za su yi ta shigowa."

"Nawa zan ba ki?"

"Ni? Kwalbar giya ta ishe ni. Amma aro ne, ɗan nan. Mamaci kwana arba'in yake yi yana zagaye kafin ya tafi. Kowane zare ya koma kabarin mai shi kafin cikar arba'in ɗinsa, kuma hannun da ya ɗauka shi zai mayar."

"In na makara fa?"

"Mutum uku gare ka a gida, ko?"

Dorinel ya yi dariya. Daga ƙofarsa zuwa maƙabarta tafiyar minti biyar ce. Wa zai makara?

Kuɗi kuwa suka zo. Shi kaɗai aka bai wa izinin shigo da fulawa da man girki da takunkumi. Ƙauyuka shida suka koma kiran motarsa. Mutane suna kuka a bayan tagogi, shi yana sauke bulo da kwanon rufi a tsakar gida. Ya sayo wa 'yarsa Ilinka sabuwar kwamfuta don karatun da suke yi daga gida. Yarinya ce mai shekara sha bakwai, likita take so ta zama, kullum sai ta miƙo mini tuwon masara da cuku ta katanga, tana tsokanata wai Gwaggo an sa ki a keji kamar kaza.

Ya ƙudurta zai mayar da zaren farko ranar ƙarshe, don kada kwana ko ɗaya ya tafi a banza. Saura kwana uku mahaifiyarsa Tinka ta fara tari. Ma'aikatan lafiya masu fararen kaya suka zo suka gwada ta, suka liƙa takarda a ƙofa: killacewa, kwana sha huɗu, ba shiga ba fita. Aka ajiye Kostel ɗan sandan ƙauye a mota a bakin layi.

Ranar arba'in ɗin mai zaren farko Tinka ta mutu a zaune a bakin teburin, cokali a hannunta.

Washegari Dorinel ya kira ni bakin katanga, fuskarsa kamar toka, ya zazzage mini komai. Da ina da ƙarfi da na tsallaka na shaƙe shi.

"Kai, la'ananne! Jefo su nan, in sha ɗaya ta yi ni zan kai."

"Hannuna, Gwaggo. Ta ce sai hannuna."

Ya roƙi Kostel minti goma. Ya yi masa tayin motarsa. Kostel ya ce daga bayan gilashin mota, "Dorinel, sojoji suna kallona. Ka taka waje ɗaure ka za a yi, ni kuma a kore ni."

Mako ya zagayo, zare na biyu ya cika. Ina tsakar gidana na ji Rodika matarsa tana jera faranti tana surutu. Ta ce baƙi biyu sun zauna mata a teburi, ƙafafunsu a haɗe, sun ƙi tashi, na uku yana tsaye a bakin ƙofa. Ta yi ta zuba musu miya har tukunya ta ƙare. Daga ranar ba ta sake gane mijinta ba.

Abu ɗaya ya rage masa. Killacewar za ta ƙare kwana uku kafin cikar zare na uku, zaren da ran Ilinka ya rataya a kansa. Ya riƙa ƙirga kwanakin da alli a jikin bulon da ya tara. Sai masu fararen kaya suka dawo saboda ihun Rodika, suka gwada ta, suka same ta da cutar. Suka yage takardar ƙofa suka liƙa sabuwa. Kwana sha huɗu, daga farko.

Na ji kukan namiji a ranar, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gidan mutuwa.

Ranar ƙarshe Ilinka ta tashi da zazzaɓi. Ta ce da ni ta taga, "Gwaggo, ƙafafuna sun yi nauyi." Sha ɗaya na yi na fita da sandata na tsaya gaban motar Kostel ina yi masa masifa a kan kuɗin fanshona, don ya kalle ni. Dorinel ya tsallaka katangar baya da zaren a dunƙule a hannu. Ya wuce coci. Ya hango ƙofar maƙabarta. Sojoji biyu suka kayar da shi a nan.

"Zare kawai zan ajiye! 'Yata! Ku raka ni da bindiga, ku harbe ni bayan na ajiye!"

Suka ce zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. Aka ɗora shi a gadon motar asibiti, aka ɗaure masa hannu da ƙafa. Zaren kuwa aka jefa a jakar kayan cuta aka ƙone. Kafin ƙararrawar azahar Ilinka ta cika.

Ni na ɗaure mata ƙafa. Na bi gawarta har kabari da ƙarfe uku, na ce wanda ya isa ya ci ni tara. Na kwance zaren da hannuna na saka mata.

An daɗe da buɗe gari. Bulon yana nan ciyawa ta rufe shi. Dorinel kullum da safe yakan fito ya nufi maƙabarta, yana jan ƙafafunsa a haɗe, taku kamar na jariri, kuma har yau bai taɓa isa ba.

Ku da kuke ganin wahalar jama'a ku hango kasuwa, ku ji ni da kyau. Mai tsafi ba ya yi muku ƙarya, yana faɗin farashi, kwaɗayi ne yake toshe muku kunne. Dorinel ya lissafa komai, tafiyar minti biyar ce. Bai lissafa ranar da za a rufe masa ƙofa ba, kuma ba shi ya biya ba, yarinyar da ke miƙo mini tuwo ce ta biya.