Waya a Ƙarƙashin Dawa

"Fibi! Ke Fibi! Wayyo Allah, gidan nan babu mai rai ne?"

Muryar Gwaggo ce ta tsaga gidan, amma kafin muryar, ƙauri ya riga ya kai bakin hanya.

Ita kuwa Fibi tana can bayan gida zaune kan saiwar ɗorawa, inda nan kaɗai sabis ke kamawa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai, babban yatsanta na ta tura bidiyo sama... sama... sama.

Ta ɗago kai, ta hangi baƙin hayaƙi na tashi daga madafa.

Ta zabura ta miƙe.

"Tukunyata!"

Ta kwasa a guje, zani a hannu. Ko da ta isa, Gwaggo, ƙanwar babanta da ta raine ta tun rasuwar uwarta, ta riga ta sauke ƙatuwar tukunyar. Shinkafa da wake sun zama gawayi, ko akuya ba za ta sansana ba.

To, ku ji fa ƴammata, wannan rana ba kamar kullum ba ce. Ranar ce Luka, saurayin Fibi, ya kai gayya gonar Baba Adamu, mahaifinta. A ƙauyensu na gefen Ƙarfi haka ake yi tun kaka da kakanni: saurayin da ke neman aure ya tara abokansa su yanke wa suruki dawa, ita kuma yarinyar ta dafa abinci da hannunta, ta ɗauka a kanta har gona. Shi ya nuna ƙarfinsa, ita ta nuna hankalinta. A cikin tukunyar nan dangin miji ke karanta yarinya.

"Gwaggo... Allah kuwa guda ɗaya na ce zan kalla..."

"Guda ɗaya! Ɗaga kai ki dubi inda rana take!"

Rana ta karkata tuni.

"Tun sassafe ƴaƴan mutane ke duƙe a gonar ubanki, ban da kunun safe babu abin da ya shiga cikinsu. Uwar yaron tana can zaune tana jiran ki!"

Ke dai bari! Da Fibi ba haka take ba. Lokacin da ta shiga kwalejin koyon aikin lafiya a Funtua, babu kamarta a aji. Luka ne ma ya saya mata babbar waya, wai don bincike. Sai ƙawarta Lilian, ƴar cocinsu da suke ɗaki ɗaya a makaranta, ta nuna mata gajerun bidiyon nan da ba sa ƙarewa, wannan na rawa, wancan na faɗan mata, na gaba na girki.

Tun tana kallo bayan karatu, har karatun ya koma bayan kallo. Idanu kullum jajawur, kai na sarawa, gyangyaɗi a aji. In ta buɗe littafi, kafin ta kai ƙarshen layi hankalinta ya gudu. Wata Lahadi an gan ta a coci tana shafa littafin waƙoƙi da yatsa, wai ya wuce zuwa na gaba! Matan zumunta sun daɗe suna cin wannan labari.

Abin da babu wanda ya sani a gida shi ne ta faɗi jarrabawar ƙarshe, sai ta maimaita. Shi kuwa Baba Adamu magana ɗaya ya yi tun farko: babu aure sai da takardar gama makaranta.

"Gwaggo ki rufa min asiri, ki ce ciwon ciki ya kama ni..."

"Ni? In yi ƙarya da furfurata saboda wannan abar? Wuce ki je ki faɗa musu da bakinki!"

Haka ta kama hanyar gona hannu biyu babu komai.

Tun daga nesa ta jiyo shewar samari.

A gindin tsamiya ta same su, kowa da kwano a gabansa. Dafa-duka da nama, ga zoɓo mai sanyi har da ƙanƙara. Wacece ke zubawa, ta sha kwalliya, tana wani rausaya kai?

Lilian.

"Lah, ƙawata! Kin iso?" ta faɗa da murya kamar zuma. "Wucewa na zo yi, sai na ce bari in ɗan taimaka, kar yunwa ta kashe mana angon."

Wucewa! Da kuloli cike a bayan babur!

Sai a lokacin Fibi ta tuna wadda ta turo mata data da sassafe, har da saƙon, *"Kyautar gayya ce ƙawata, ki duba wanda na tura miki, za ki mutu da dariya."*

Mama Susana, mahaifiyar Luka, na zaune kan tabarma. Ta dubi kan Fibi, ta dubi hannunta, ta taɓe baki.

Fibi ta durƙusa. "Mama ina wuni..."

"Lafiya. Ina abincin?"

"Ya... ya ƙone Mama."

"Ya ƙone. Kina ina?"

Fibi ta sunkuyar da kai.

"Ba na buƙatar amsa, ga wayar can na hango ta a ƙugunki. Gobe in kika haifa min jika, shi ma haka za ki bar shi a bakin murhu?"

"Haba Mama, ki yi mata uzuri," Lilian ta sa baki tana langaɓe kai. "Damuwa ce ta yi mata yawa tun da sakamako ya fito. Maimaita shekara ai ba wasa ba ne..."

Ta yi saurin dafe baki.

"Au! Ba ta gaya muku ba?"

Kowa ya juyo ya zuba wa Fibi ido.

Baba Adamu da ke ɗaure dami ya saki igiyar, ya juya baya. Da ma ya zage ta ya fi mata sauƙi.

"Luka," in ji Mama Susana tana kaɗe zani, "ka dai ji da kunnenka. Ni na tafi."

Luka na tsaye can gefe, lauje a hannu, gumi ya bushe a jikinsa ya bar farin gishiri. Ya yafito Fibi da kai. Ta bi shi bayan karan dawa.

"Gaskiya ne?"

"Masoyina ka tsaya in..."

"Fibi, gaskiya ne?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Ban ci abincinta ba," ya faɗa a hankali. "Ko ruwanta ban sha ba. Naki na zo ci."

Kuka ya ƙwace mata.

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Ba shinkafar ba ce. In na zo zance ina miki magana, sai in ga yatsanki yana motsi a kan cinyarki, kamar za ki ture ni sama ki ga na gaba."

"Ba haka ba ne Luka, ina son ka, Allah ya sani..."

"Ni na saya miki abar nan da hannuna. Yanzu zan je in durƙusa wa Mama in roƙe ta ta ba mu lokaci. Amma ki gaya min, me zan ce mata ya canja?"

Ta buɗe baki za ta amsa.

Ɗirrr! Wayar ta yi motsi a ƙugunta.

Kafin ta ankara, hannunta ya kai.

Luka ya dubi hannun. Ya dube ta. Ya yi wani murmushi wanda gara kuka da shi, ya saɓa laujensa ya koma cikin dawa.

"Luka! Luka don Allah!"

Ko waiwaye.

Kwanakin da suka biyo baya babu shi babu kiransa. A gida Baba ba ya amsa gaisuwarta sai da kai. A gari kuwa magana ta bazu, wai an ga Lilian na taya Mama Susana surfe. Lilian da ko a gidansu ba ta taɓa taɓarya!

Ranar da dawa ta bushe za a zuba a rumbu, Luka ya zo da abokansa don cika aikin da ya fara. Bai ko kalli inda take ba. Baba Adamu ya hau tsani ya ɗage jinkar rumbu, ya shiga ciki, yana jiran a miƙo masa damin farko.

Sai ga Fibi ta fito, ta durƙusa a gindin tsani, ta ɗaga wayar da hannu biyu.

"Baba, wannan za a fara sawa."

Tsohon ya leƙo. "Me kika ce?"

"A sa ta a can ƙasa, a jera dawa a kanta."

"Kin dai san mace ba ta leƙa rumbun maigida."

"Na sani Baba."

"Kin kuma san ba a kai wa gindin rumbun nan sai damina ta yi nisa."

"Shi ya sa Baba. In a akwatin Gwaggo ne, zan ɗauka. Na san kaina."

Baba ya daɗe yana kallon ta, sannan ya karɓa.

Wanda ya miƙa damin da aka danne ta da shi, Luka ne. Da zai wuce ta gefenta ya ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu na samu abin da zan gaya wa Mama."

Ita kuwa Mama Susana da labari ya kai mata, dariya ta yi. "Mu zuba ido. Yarinyar nan ko rumbun na ƙarfe ne sai ta fasa shi."

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Fibi ta koma Funtua da ƴar ƙaramar wayar Gwaggo, rakani-kashi, wadda ban da kira da tocila babu abin da ta iya. Ta riƙa jin ƙarar waya a kunnenta alhali babu. Abu kaɗan ta fashe da faɗa, abu kaɗan kuka. Lilian, da ta gama amma take zuwa wai karɓar takardu, sai ta miƙo mata tata.

"Ɗan kalli wannan ƙawata, guda ɗaya."

"Na taɓa jin guda ɗaya, Lilian. Riƙe kayanki."

Amma wata Asabar da ta zo gida, abin ya motsa mata sosai. Kowa ya tafi kasuwa, rana tsaka, gidan shiru. Ta buɗe littafi, baƙaƙen suka riƙa yawo. Ta rufe. Ta zagaya rumbu. Ta sake zagayawa.

Sai ta jawo tsani.

Ta hau. Ta kai hannu kan jinka. Dami kaɗan za ta ɗaga ta zura hannu ta gefe, wa zai sani?

Ƙamshin dawa ya bugi hancinta, dawar da Luka ya yanka da yunwa a cikinsa.

*Naki na zo ci.*

Ta kifa kai a jikin rumbu ta yi kuka mai isarta. Sannan ta janye hannu, ta sauko a hankali, ta mayar da tsani inda yake.

Tana juyowa sai ta ga mutum.

Mama Susana ce tsaye a bakin zaure, ƙwarya a hannu, ta zo aron rariya wurin Gwaggo.

"Mama... ban buɗe ba, na rantse ban..."

"Yi shiru. Na ga hawanki, na ga saukarki."

Fibi ta zube ƙasa.

"Na tsaya ne in kama ki, in je in gaya wa ɗana da hujja," in ji tsohuwar, muryarta ta yi laushi. "Tashi ƴata. Ɗauko littafin naki ki zauna nan, zan tsare ki har Gwaggonki ta dawo. Ban iya karatu ba, amma na iya harara."

Daga ranar abubuwa suka fara daidaita. Shafi ɗaya, shafi biyu, har ta koma tana cinye babi ba ta ɗago ba. Barci ya dawo, idanu suka washe. Da sakamako ya fito, Baba Adamu da kansa ya kama ƙaton zakara ya yanka.

Lilian fa? Da bakin Mama Susana matan zumunta suka ji labarin datar gayya, domin Fibi ta gaya mata komai. Ranar ɗaurin aure a coci, can kujerar baya Lilian ta zauna, kanta duƙe kan waya, har aka tashi ba ta sani ba.

Damina ta yi nisa, masara ta fara bunni, sai ga Baba Adamu a gidan amarya da wani abu ƙunshe a leda.

"An kai gindin rumbu. Ga ajiyarki."

Luka ya kwance. Ɓeraye sun gaigaye rigar wayar, ƙura ta rufe fuskarta. Ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa mata yana kallon idonta.

"Amaryata, a sa miki caji?"

Fibi ta dubi wayar. Babban yatsanta ya ɗan motsa, su duka sun gani.

Ta dunƙule hannun, ta yi murmushi.

"Ajiye ta can tukuna, angona. Tukunyata na kan wuta."