Rigimammiyar Babban Lilo

Ran wata Asabar ya fara ganinta, a layin babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda ke ɗaga mutane sama cikin kwandunan ƙarfe har su hango bayan gari. Shi bakaniken wurin shaƙatawar ne, aikinsa giris da noti. Ranar mai tsaron ƙofa bai zo ba, aka tsayar da shi a madadinsa.

Tana kan keken guragu, tikiti a hannu, ta yi kusan awa guda tana matsowa tare da kowa. Da ta iso gaban matakala ukun da ake hawa a shiga kwando, sai ya yi abin da ya ga ana yi. A wurin nan, duk abin da ba ya shiga kwando, jaka ce ko keken jarirai, ana rataya masa lamba a ajiye shi gefe. Ya zaro lamba sha bakwai ya rataya a hannun kekenta.

"Malama, za a ɗauke ki a sa ki ciki. Keken ya jira ki a nan."

Ta kalli lambar, ta ɗago ta kalle shi. Idanunta manya ne, kuma babu alamar roƙo a cikinsu.

"Malam, ƙafafuna ka rataya wa lamba? To kai ma cire naka ka ajiye kusa da jakunkuna, sai mu shiga tare."

Layi ya kwashe da dariya.

"Doka ce, ba ni na rubuta ba."

"Wanda ya rubuta ta ya taɓa zama a keke? Rabon da a ɗauke ni tun ina 'yar shekara goma. Ba zan koma yau ba, a hannun wanda ban sani ba, hannun ma duk giris."

Ta cire lambar ta jefa a jakarta.

"Wannan kuma na riƙe. Ranar da na shiga da kekena zan mayar."

Asabar ta gaba ta dawo. Ta sayi tikiti, ta bi layi, aka hana ta, ta juya ta tafi. Ta bayanta ma haka. Ma'aikata suka sa mata suna Rigimammiya. Shi kuwa yana ƙarƙashin injin yana leƙenta, abin yana ci masa rai. Ya san dokar ba a banza aka yi ta ba, don ƙofar kwandon ƙarama ce. Amma me ya sa a shekara shida da ya yi yana shafa wa ƙofar nan mai bai taɓa tambayar kansa girmanta ba?

A Asabar ta huɗu ya fito da tef ɗin awo, bayan ya wanke hannu sau biyu.

"In auna?"

"Ni ko keken?"

"Keken," ya ce, yana kallon ƙasa.

Yatsa huɗu kacal ƙofar ta gaza. Ya nemi lambar wayarta, wai ko zai buƙaci ƙarin awo. Ta ba shi tana murmushin da ya nuna ta san babu wani awo da ya rage.

Da yamma ya rubuta mata: "Na yi shekara shida ina tsammani injin nan lafiyarsa ƙalau. Yau na gane yana da ciwon yatsa huɗu. Ki yafe mini lambar da na rataya a kekenki."

Ta amsa: "Ban yafe ba tukuna, Mai Giris. Amma ka iya ba da haƙuri, wannan na yarda."

Ashe ɗinkin jaka da bel take yi, a wani ƙaramin shago da ke jikin gidansu. Keken ɗinkinta na lantarki ne, mahaifinta ya mayar da matakin ƙafar sama tana danna shi da gwiwar hannu. Bakaniken ya fara biyowa bayan tashi daga aiki, ya zauna kan benci yana miƙa mata almakashi. Tana yi masa dariyar yadda yake tunani na minti biyar kafin ya amsa tambayar eh ko a'a. Shi kuma ya koma kiranta Rigimammiyata, da muryar da ta cire wa sunan duk ƙayarsa.

Wata rana ya ce, "Ina so in ga Baba."

"Yana ciki. Ko ƙofarmu ma sai ka auna?"

Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, mai magana ɗaya. Ya saurari bakaniken har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Ɗana, ba aikinka na raina ba. Amma na ga irinku. Kun ga yarinya a keke, zuciyarku ta karye, kun ɗauka so ne. Tausayi ne. Shekara biyu ya ƙare, ka bar mini ita da ciwon da ya fi na ƙafa. Akwai mai kantin magani da ke nemanta. Shi aƙalla ya san abin da zai ɗauka, ya ce har mai yi mata hidima zai ajiye."

Ta ji komai ta taga. Bayan ya tafi ta ce, "Baba, mai kantin nan in ya zo ko kofin ruwa ba ya bari in ɗauka da kaina. Matar aure yake so ko majinyaciya?"

"Hutu yake so miki."

"Ni ban gaji ba."

Bakaniken ya koma da maganar tsohon a ransa, kuma ba ta bar shi ya sake ba. Ta yaya mutum zai bambance so da tausayi, alhali a ƙirji ɗaya suke zaune? Ga shi manaja ya ƙi zancen faɗaɗa ƙofa, ya ce saboda mutum ɗaya ba za a yanka kwando ba. Cikin wannan ruɗani ya yi kuskuren da ya kusa raba su. Ya rubuta mata:

"Rigimammiyata, ki zo gobe da sassafe kafin a buɗe. Makulli yana hannuna. Ni da kaina zan ɗauke ki in sa ki ciki, babu wanda zai gani. Ina so ki ga garin daga sama."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Kana tsammani garin nake son gani? Ina da hotonsa a waya. Ta ƙofa nake son shiga, da rana, a layi, da kekena. Ka ce za ka ɗauke ni a ɓoye kamar kayan sata. Ashe Baba ya fi ni saninka."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Mako uku ba ta zo layi ba. Sau biyu ya bi ta ƙofar shagonta ya ga motar mai kantin magani a ajiye, ya wuce kamar mai neman wani gida.

A mako na huɗu ya shiga ofishin manaja ya zube makullai da sifana a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ko ka ba ni kwando ɗaya, ko ka nemi wanda zai riƙa jin kukan injin nan kafin ya lalace. Ni na gama shafa mai a ƙofar da ke korar mutane."

Manaja ya san babu wanda ya san lilon kamarsa. Ya yi tsaki, ya ce kwando na tara, kuma sai injiniyan da ke duba lafiyar injuna ya sa hannu.

Wata guda ya yi yana yanka yana walda. Ya faɗaɗa ƙofa, ya cire benci ɗaya, ya kafa ƙugiyoyi huɗu a daɓen kwandon inda za a ɗaure keke da bel, ya zuba gangare a gefen matakala. Injiniya ya zo aka ɗora buhunan yashi a kan wani tsohon keke, aka juya lilon sau goma, ya sa hannu. Sai a lokacin ya aika mata hoto da saƙo:

"Ban zo neman yafiya ba. Ƙofa ce na gyara, don dama ya kamata a gyara ta. Asabar, da rana, a layi. Ko da mai kantin za ki zo, ki zo."

Ta zo, amma da mahaifinta. Manaja kuwa, da ya ga abin zai jawo masa suna, har mai ɗaukar hoto ya kira. Ta bi layi kamar kullum, ta hau gangaren da ƙarfin hannunta, ta shige kwando na tara ba tare da taya ta goga ƙofa ba. Mutane suka yi tafi.

Ya durƙusa yana ɗaure keken. Bel na farko, na biyu, na uku. Da ya ja na huɗu sai ya ji wani abu a yatsansa. Ya duba. Zaren ɗinkin da ya riƙe ƙugiya ya fara saki, layi ɗaya tak. Gwajin buhunan yashi ne ya ci shi.

Ya daɗe a durƙushe. Bel uku za su iya riƙe ta, kusan tabbas. Takarda tana da sa hannu. Babu wanda ya gani sai shi. Ga fuskarta tana haske irin wanda bai taɓa gani ba, ga mahaifinta a tsaye, ga wata biyu na rashinta. In ya yi shiru, yau komai zai dawo masa.

Ya miƙe.

"Ba yau ba. Ki fito."

Ta ɗago ta kalle shi.

"Me ka ce?"

"Bel ɗaya bai yi mini ba. Ba zan tayar da injin ba."

Manaja ya matso yana magana ta cikin haƙora. "Kai, ka haukace? Injiniya ya sa hannu! Ka kunna, ko ka tafi gida."

"Sai dai in tafi gida."

Idanunta suka cika da hawaye, amma na fushi ne. "Sau nawa za ka hana ni a ƙofar nan, Mai Giris?"

"Duk sau nawa ya kama. Ki tsane ni a ƙasa, ya fi mini."

"Miƙo bel ɗin."

Ya kwance ya ba ta. Ta juya shi, ta sa farce a ɗinkin ta ja, zare ya biyo ta. Sannan ta ɗaga shi sama yadda manaja zai gani.

"Wa ya yi wannan aikin? Ko jakar 'yan makaranta ba zan sa wa wannan ɗinkin ba."

Ta kwance sauran ukun da kanta, ta zuba su a cinya, ta juya kekenta ta sauka gangaren kanta a sama. Mai hoto ya rasa abin ɗauka. Manaja ya dakatar da bakaniken mako biyu.

Washegari tsohon ya aika a kira shi. Ya same shi a falo, ita kuma ana jiyo ƙarar keken ɗinkinta daga shago.

"Na yi shekara talatin ina tuƙi," in ji tsohon. "Na san fuskar direban da ya ji birki ya yi laushi ya ce bari mu lallaɓa. Jiya na zuba maka ido in ga ko za ka lallaɓa." Ya gyara zama. "Mai kantin magani bai taɓa ce mata a'a ba, ko sau ɗaya. Ni ma, Allah ya yafe mini, tun da ta zauna a keken nan na kasa. Da mai tausayi ne, da ya bar ta ta hau. Kai ka kunyata ta a gaban jama'a, ka jure kallon da ta yi maka. Ka turo manyanka."

Bakaniken ya buɗe baki ya kasa magana. Daga shago aka ɗaga murya.

"Baba, ka ba shi minti biyar, haka yake!"

Bel huɗu ta ɗinka, kowanne layi shida. Injiniya ya ja su da na'ura har ya gaji, ya sa hannu, ya tambaya ko za ta yi wa sauran injunan. Ranar da dakatarwar ta ƙare ta bi layi, a bayanta akwai wani dattijo a kan keken lantarki da ya ji labari ya zo da jikokinsa. Bakaniken ya ja bel ɗaya bayan ɗaya, na huɗun har sau uku.

"Ɗinkina kake tuhuma?"

"Aikina nake yi, ranki ya daɗe."

Abokin aikinsa ya kunna, shi ya zauna a bencin da ya rage. Da kwandon ya kai ƙololuwa, iska ta kaɗa mayafinta, ta leƙa ƙasa ta hango mahaifinta ƙarami kamar ɗan tsana yana ɗaga hula. Ta buɗe jaka ta ɗauko lamba sha bakwai. Maimakon ta miƙa masa, sai ta rataya ta a maɓallin rigarsa.

"Abin da aka rataya wa lamba, mai shi zai dawo ya ɗauka. Ko ba haka dokarku ta ce ba?"

"Haka ta ce, Rigimammiyata."

"To ka jira ni a inda na ajiye ka. Yanzu na yafe."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Kafin ranar ya bi ƙofofin gidan da za su zauna da tef ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, tana biye da shi tana cewa ya ƙara yatsa biyu saboda baƙi. Da aka kawo ta, da hannunta ta tura kekenta ta shiga ɗakinta. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka. Ya sa ku riƙa faɗa wa juna gaskiya ko da ba daɗi."

"Amin, Baba," suka ce tare, ita ta riga shi da kaɗan.