Bugun Da Ba Shi Da Suna

"Baba, don Allah kada ka tashi... ka saurara ko sau ɗaya!"

Haula ta riƙe hannun mahaifinta.

Mahaifin nata, Malam Ciɗo, makaho ne. Maƙwabciyarsu Raƙiya ta kai masa gulma wai Attaher, saurayin Haula, zafin zuciya gare shi, ba ya raga wa kowa. Ita kuwa Raƙiya son Attaher take. Shi ya sa tsohon ya tako gidan samari na garin Tawa don ya yanke hukunci: ko aure, ko rabuwa.

Pikilbol ake bugawa, wasan da Attaher ya zo da shi daga Abijan: faifan katako, ƙwallo mai huji-huji, gajeriyar raga a tsakiya. Shi da abokinsa Muktari ne a fili.

"To, ke ce idona," in ji tsohon. "Ban son ƙarya."

Haula, wadda ko gaisuwa sai kanta a ƙasa, ta soma raɗa masa sunayen da ta laƙaba wa kowane bugu.

"Attaher ya yi sauke-tulu, Baba... a hankali ya aje ta bayan raga."

"Yanzu hwa?"

"Tsallake-danga! Ta bi ta bisa kan Muktari!"

"Wagga ƙara hwa?"

"Shaho ke nan! Daga sama ya hwaɗo mata!"

Tsohon ya murtuke fuska. "Shaho... Haka dai aka ce mini."



Saura maki ɗaya Attaher ya cinye. Sai Muktari ya zame, ya durƙushe dab da raga, ƙwallo kuma ta tashi sama a gaban Attaher.

"Kashe ta!" 'yan kallo suka ɗauki ihu.

Shaho ɗaya ya isa, amma a fuskar Muktari zai sauka.

Attaher ya sassauta hannu. Ya cilla ta can sama, sannu a hankali, har Muktari ya miƙe ya rama. Daga nan wasa ya juya, Muktari ya cinye.

"Mi ya hwaru? Na ji wuri ya yi tsit."

Ta faɗa masa, hawaye na bin kumatunta.

"Mi ne sunan wanga bugu?"

"Ba shi da suna, Baba..."

Attaher ya iso yana haki, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya raɗa wa Haula, "Na sha kashi, sanyin idona."

"Kai samari, idanu na rasa, ba kunnuwa ba!"

Haula ta ja mayafi ta rufe fuska. Raƙiya, wadda ke cikin 'yan kallo, ta sulale ta bar wurin.

Malam Ciɗo ya lalubo kafaɗar Attaher, ya dafa.

"Ka turo magabatanka ran Jumma'a. Sunan bugun kuwa, ku raɗa mishi a ɗakinku."