Kiran Argiro a Tsibirin Kufai

Rana na shirin faɗuwa Lefteris ya saki anga, ya tsayar da jirgin ruwansa a gindin tsohuwar ganuwar tsibirin. Baƙin da suka yi hayar jirginsa sun gaji da yawon kufai da ɗaukar hoto, sun baje suna jiran gasasshen kifi. Shi kuwa ya ɗauki kwalbar man zaitun. Duk direban da ya kwana a tsibirin nan, shi ke cika fitilar ƙaramin cocin da ke kan dutse, saboda waɗanda teku ta ci. Matarsa Argiro na cikinsu. Bara ruwa ya tafi da ita a mashigin tekun nan, ko gawa ba a samu ba.

Fotini, yayar marigayiyar, ita ke yi wa jirgin girki. Ta riƙo hannun rigarsa.

"Ƙanina, in ka ji sunanka, kada ka amsa sai an maimaita," ta ce a hankali. "Mai rai sau biyu yake kira. Wanda ya amsa kiran farko, ya tafi ke nan."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro?"

"Ai gara yaro, yana jin magana. Ka tuna 'yarka Marika na gida tana jiran ubanta."

Ya hau matakalar dutse. Ƙofofin gidaje duk sun ruɓe. Gyare na ta kuka, can nesa ƙararrawar wuyan akuya na kaɗawa. Ya shiga cocin, ya cika fitila, ya kunna. Ƙamshin tsohon lubban ya tashi.

Sai gyaren suka yi tsit gaba ɗaya.

Warin ruwan gishiri ya cika ɗakin, alhali teku na can ƙasa. Bayansa wani abu na ɗiga a kan daɓe. Ɗis. Ɗis.

"Lefteris, sanyi nake ji."

Wallahi muryar Argiro ce, har da 'yar dishewar nan da take yi in ta tashi daga barci. Shekara guda yana roƙon ya ji ta ko a mafarki, ga ta yau a bayan kunnensa.

Bakinsa ya buɗe da kansa. Ya cusa hannu ya ciza har jini ya fito.

Ya tsaya yana jira. A ransa yana cewa, ki sake, don Allah ki sake, ko da raɗa ne.

Ɗigar ta matso. Sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

Ba ta sake ba.

Ya runtse ido ya fita a guje, yana tuntuɓe yana tashi, har ya faɗa cikin jirgi. Baƙi na ta dariyarsu, ba su san komai ba. Fotini ta ga hannun, ta ɗaure masa da tsumma.

"Ita ce?"

"Sanyi take ji, Yaya. Na yi mata shiru."

Tun daga ranar bai ƙara kai baƙi tsibirin ba, ko nawa za su biya. Ya rayu, ya raini 'yarsa. Amma duk jirgin da ya dawo daga can, zai tarar da shi tsaye a bakin gaɓa, yana tambayar direba ko ya ji wani abu a cocin. Kowa ya ce iska kawai. Wasu sukan ce dama aljani ne ya ari muryar, ya gode wa Allah. Ba ya musu da kowa. Abin da ke cinsa shi ne, in ita ce, ta ɗauka ya ƙi ta.